Ƙirgar Malam-Buɗe-Littafi a Tsohon Layin Dogo

Litinin, makon farko na kaka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar Anti da ka ce tana kumbura? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ku, ko da yake bai san ina rubuta wannan takarda ba.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Kunnen Baba ne ya sa. Tun da idonsa ya yi rauni kunnen ya karɓi aiki biyu, ko ɗaki na shige na rage murya, da na fito sai ya tambaye ni abin da ka ce. A shago kuwa mata ba sa ƙarewa, kowacce ta zo da ɗinkinta da kunnenta. Shi ya sa na ture almakashi gefe nake rubuta maka a kan teburin yanka.

Yaya, wa ya aike ka? Ka zo hutun kwana uku, ka ɗauki hotunan littattafan Baba, ka tura wa wata Dakta mai nazarin ƙwari a jami'a, ka hau mota ka koma. Ni da nake zaune da shi shekara biyar, tun rasuwar Inna, ba ka ga na isa a tambaye ni ba. Jiya Daktar ta kira shi. Ta ce za ta zo nan da mako uku ta bi shi ƙirga, ta kuma karɓi littattafan talatin da huɗu a adana su da sunansa. Tun jiya bakin Baba bai rufu ba. Ya sa na fito masa da tsohuwar rigarsa ta aiki na goge, wai kada baƙuwa ta same shi kamar mara sana'a.

Ka bar gida da wuri, don haka bari in tuna maka yadda abin yake, ba yadda kake ba abokanka labari ba. Lokacin da Baba yake aikin duba layin dogo, yana bi da guduma yana ƙwanƙwasa noti, a nan ya fara ƙirga malam-buɗe-littafi. Da ya yi ritaya, aka kuma daina amfani da reshen layin da ke bayan gidanmu, bai daina ba. Duk kaka, da ruwa ya ɗauke, mako goma a jere, kowace Talata da hantsi, daga tsohuwar sigina zuwa ƙaramar gada, turakun waya ashirin da biyu. Yana ƙirga abin da ya gifta gabansa kawai, ba ya waiwaye, kada ya ƙirga ɗaya sau biyu. Sunayen ma shi ya raɗa musu. Fararen da ke tafiya tuli guda su ne Fasinja. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya, mai zagaya bishiyar lemo yana taƙama, shi ne Sarkin Tasha. Mai ruwan goro da ke kwana a tumfafiya shi ne Jar Tuta. Akwai kuma wanda ya kwaikwayi Jar Tuta don tsuntsaye su ƙyale shi, Baba ya ce masa Ɗan Satar Shiga, tunda ya hau jirgi ba tikiti. Sai ka sunkuya ka duba fiffiken baya kafin ka raba su: na gaskiya ɗigo uku ko huɗu gare shi a tsakiya, ɓarawon ɗigo ɗaya. Ni ina da shekara bakwai na iya wannan. Kai kuwa har yau na tabbata ba ka raba malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta ba, bare ka san wancan da rana yake yawo yana rufe fikafikai sama, wannan kuma a bango yake wuni a baje.

Dokar Baba ɗaya ce, ka sha jin ta: abin da ido bai gani sosai ba, hannu ba ya rubuta shi.

To ga abin da ba ka sani ba. Littattafai talatin na farko rubutun Baba ne. Huɗun ƙarshe rubutuna ne, kuma ƙarya ce a ciki. Shekara huɗu ke nan da 'yan kwangila suka fara fesa maganin ciyawa a gefen layin. Tumfafiya ta ƙone, furannin nan masu ruwan hoda da Fasinja ke sauka a kai sun ƙare. Wurin da a da za ka ƙirga ɗari kafin ka kai turke na goma, yanzu in ka ga biyar ka yi sa'a. A shekarar da suka fara ce kuma idon Baba ya kai ga ba ya ganin layin littafi, na zama ina riƙe masa hannu, yana faɗa ina rubutawa. Har yanzu yana ganin motsi da haske. Busasshen ganye ya faɗo, ya ce Jar Tuta ɗaya. Guntun farar leda ya maƙale a ƙaya yana kaɗawa, ya ce Fasinja uku. Ni kuma in rubuta.

Na san me za ka ce, ka riƙe abinka. Abu ɗaya nake roƙonka: kai ka haɗa wannan, kai za ka kwance. Ka kira Daktar ka ce ta karɓi talatin ɗin ta bar huɗu, kuma ba sai ta bi shi ƙirga ba. Ka ƙirƙiro mata dalili, ai ka iya magana. In ta taka layin nan da idonta biyu, Baba zai san abin da na yi masa, kuma ban san yadda zan ƙara kallonsa ba.

Ka gaishe da Anti da yara. Ka ce wa ƙaramar 'yarka rigarta na nan, hannu kawai ya rage.

Ƙanwarka,
Auta


Alhamis, mako na biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya jikin Anti? Mu nan sai godiya. Baba ya ɗan yi tari kwana biyu, amma ya wuce.

Na ga saƙonka a waya, layi uku. Wai in kwantar da hankalina, babu wanda zai zauna yana tantance ƙwari, kada in ɓata wa tsoho farin cikinsa. Sannu da ƙoƙari. Na cika maka takarda huɗu, ka biya ni da layi uku da hoton hannu yana jinjina.

Ka ce babu mai tantancewa. To Daktar ta sake kira shekaranjiya, ina zaune ina tsince shinkafa, Baba ya sa wayar a fili don in ji yabo. Ka san abin da ya fi burge ta? Shekaru huɗun ƙarshe. Ta ce duk inda suke da labari ƙirga raguwa take yi, layin Baba kaɗai ne bai ragu ba, tana son ta zo ta ga sirrin wurin. Sirrin wurin kuwa ga shi zaune a ƙasa da faranti a cinya. Baba ya gyara zama ya ce mata ai wuri in ana kula da shi ba ya mutuwa. Na tashi na shiga madafa na tsaya ina kallon tukunya, ba abin da ke cikinta.

Kana ganin kamar rana ɗaya na yanke shawarar yi wa mahaifina ƙarya. Ba haka aka yi ba. Talatar farko da na riƙe littafi, a turke na uku ya nuna wani abu da sanda ya ce Sarkin Tasha. Na ce masa Baba, takardar alewa ce. A turke na biyar ya sake faɗa, na sake gyara masa. Ba mu kai na bakwai ba ya ce mu koma gida, ƙafarsa na ciwo. Kwana tara ya yi bai fito tsakar gida ba, bai aske gemu ba, abinci sai na yi ta lallashi kamar yaro. Wata bakwai ke nan da binne Inna a lokacin. Na kira ka, ka ce kana taro za ka neme ni. Talatar da ta biyo baya na ja shi muka fita, ya ce Fasinja biyu, na ce biyu, na rubuta. Ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Kai da kake da ilimi, gaya mini me ya kamata in yi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba duka ne ƙarya ba. Tsutsotsi da hannu yake gane su, kuma a nan har yau babu mai ja da shi. Tun da ya ji baƙuwa na tafe ya sa na wanke kwalabe shida na jera a baranda, na rufe bakinsu da ragowar yadin gidan sauro. Da safe nakan kai shi gindin lemon tsakar gida ya bi ganye da yatsa. Jiya ya tsinci wata 'yar ƙarama, baƙa da fari kamar kashin tsuntsu, ya ɗan matsa bayanta ta fito da ƙahonni biyu, ya shinshina ya ce ɗiyar Sarkin Tasha ce, nan da mako za ta koma koriya. Haka ne kuwa. Akwai wata ƙatuwa mai tsinke a gindi, ya ce in zuba mata ƙasa a kwalba domin ita ba ta rataye kanta a reshe, binne kanta take yi, kuma faɗa-wuta za ta zama. Gizaka kuwa tun kafin ya taɓa ya ce in kawo cokali, ya ji ta a jikin ganyen da ta cinye, ba ya son ƙaiƙayi. Kowace tsutsa da ganyen da aka same ta a kai ake ciyar da ita, in ka canza mata sai ta mutu da yunwa a kan abinci. Duk safiya ni ke sauya ganyen kafin in tafi shago, in share kashinsu, in koma in ba Baba maganinsa.

Na zauna ina kallonsa yana wannan aiki, na ce a raina mutumin da ya san abu haka, ni na mai da shi mai ƙirga leda. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar jiya ba. Kai ma na tsane ka kaɗan, gara in faɗa maka.

Na yi tunanin in kira Daktar da kaina. Lambarta tana wayar Baba, wayar kuma tana aljihunsa dare da rana. Kai kana da ita. Saura kwana goma sha biyu. Ko ka kira ta, ko ka turo mini lambar, ko ka zo ranar ka tsaya kusa da ni. Ɗaya daga cikin ukun nan bai fi ƙarfinka ba.

A gaishe da mutan gida.

Auta


Laraba, mako na huɗu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na ji an ce Anti ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Na kuma ji dalilinka na rashin zuwa, Allah ya taimaka a kan aikin. Lambar da ka ce za ka turo in ka sauka daga mota, har yau ina jira.

Daktar ta zo jiya. Ba yadda na zata take ba. 'Yar siririya ce, ba ta girme ni ba, da takalmin roba da jaka a baya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Baba, ta ce masa Malam. Ya nuna mata kwalabensa ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya yana amsawa, har ta ce abin da ya gaya mata game da mai binne kanta ba ta taɓa karanta shi a littafi ba. Da ta ji labarin Ɗan Satar Shiga dariya ta yi har da hawaye. Na yi ta neman in keɓe da ita ko minti ɗaya, Baba bai saki hannunta ba. Da na ce ta zo madafa ta taya ni ɗauko shayi, sai ya ce baƙuwa ba ta aiki, rana kuma tana yi, a tafi.

Muka tsaya a sigina, ni a damansa da littafi, ita a hagu da nata. Ya gyara wuyan rigar aikinsa, ya yi bismilla, muka fara. A turke na biyu ya ce Fasinja huɗu. Na rubuta. Na ga Daktar ta duba inda ya nuna, ta duba ni. A na huɗu ya ce Jar Tuta biyu, ɗaya a duba ko Ɗan Satar Shiga ne. Ganyen darbejiya ne iska ta kwaso. Na ce masa na gaskiya ne, ɗigo uku. Da bakina na faɗa, a gaban matar da ta yi tafiyar awa biyar. Ta rufe littafinta a hankali ta riƙe a ƙirji, muka ci gaba. Ban taɓa sanin turaku ashirin da biyu suna da nisa haka ba.

Na manta da kunnensa, Yaya. Mutumin da ya shekara talatin yana gane sakakken noti daga ƙarar guduma. Da muka isa gada ya tsaya, ya juya wajenta ya ce tun turke na huɗu biro ɗaya yake ji yana motsi, ko nata ya ƙare ne? Ta ce a'a. Ya ce to ita nawa ta ƙirga? Baiwar Allah na ga tana shirin yi masa irin tawa don tausayi. Ban iya bari ba. In za a soke shi, gara hannun da ya saba da shi.

Na ce, "Baba, biyu ne. Fasinja biyu, a turke na sha tara, kuma ba ka gan su ba."

Ya ce a littafina nawa ne. Na ce sittin da ɗaya. Na gaya masa komai a tsaye a kan gadar: feshin, da tumfafiyar da babu, da leda, da ganye. Ban yi kuka ba, kada ka ɗauka. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni tun yaushe. Na ce shekara huɗu, tun da na karɓi biro.

Daktar ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Ta ce wannan ba komai ba ne, a cire huɗun, talatin ɗin da ya rubuta da hannunsa dukiya ce da babu irinta, ita su take so. Na ji sanyi a raina, na ce ko an tsira da wani abu. Sai Baba ya girgiza kai. Ya ce ido ba ya mutuwa rana ɗaya. Shekarar da ya miƙa mini biro ita ce shekarar da ya kasa ganin rubutu, ba ita ce shekarar da ya fara ganin abin da babu ba. Ya ce, "Ta talatin fa? Ta ashirin da tara fa? Wa ya tsaya kusa da ni ya shaida?" Ya ce a aikinsu in aka sami noti ɗaya a sake, ba a cewa sauran lafiya, tsayar da jirgi ake yi. Tunda bai san inda ƙaryar ta fara ba, ba zai sa sunansa a kan ko ɗaya ba.

Ta roƙe shi. Ta ce akwai hanyar da suke bi su gwada ƙirga da ta wasu wurare su gane inda ta karkace. Ya ce ya gode, amma shi ba a gyara masa aiki a ofis. Ya ce ta goge hotunan da ka tura mata, ya sa ta yi alkawari. Da muka juyo gida na miƙa hannu in riƙe shi, sai ya mai da sandarsa wannan hannun, ya dafa kafaɗar baƙuwa. Haka muka dawo, ina biye da su da littafi.

Da ta tashi tafiya na raka ta bakin titi. Ta riƙe hannuna ta ce da ita ce, ba ta san ko za ta yi dabam ba. Na gode mata, amma ba daga bakinta nake son jin haka ba.

Baba ya sa na kwashe littattafan duka na zuba a akwatin ƙarfen Inna, ya kulle da kansa, ya sa makullin a aljihu. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Yau da safe na kai masa shayi na ce ga shayi, sai da ya shinshina kofin kafin ya sha.

Ka ce kada in ɓata wa tsoho farin cikinsa. To an ɓata, ka iya gaya wa abokanka.

Auta


Lahadi, mako na bakwai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan muna nan.

Na san Baba ya kira ka, don a gabana ya yi. Ya ce ka zo ka ɗauke shi ya koma wajenka, kai kuma ka ce to, gidanka gidansa ne. Na ji yana gaya wa maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, cewa kai ko ba ka zuwa, ba ka taɓa yi masa ƙarya ba. Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ba ya nan, ina zai sami damar yin ƙarya?

Ba zan hana ba. Ga abin da ya kamata ku sani, ka ba Anti ta karanta, na san kai ba za ka riƙe ba. Maganin ido ɗigo ɗaya safe da yamma, a riƙe masa fatar ido don yana ƙiftawa. Farar ƙwayar bayan abinci ce, in aka ba shi kafin ya ci jiri take sa shi. Ba ya son a ce masa ga mataki, a bari ya nemo da sanda, sai in zai faɗi. Kada yara su matsar da kujera daga inda ya san ta. In ya yi shiru ya juya fuska bango ba fushi ba ne, kewar Inna ce, a zauna kusa da shi kawai. Rigunansa na sake musu maɓallai manya don ya iya sawa da kansa. Akwatin ƙarfen ya ce da shi zai tafi, yana da nauyi, ka zo da mota mai wuri.

Talata uku ke nan bai fita layi ba. Kwalaben ya sa na juye su a gindin lemo tun washegarin zuwan Daktar. Ina dafa masa yana ci, ina gaishe shi yana amsawa, amma duk abin da na faɗa sai ya nemi shaida. In na ce hadari ya taso, sai ya fita ya ɗaga fuska. In na ce ƙarfe biyu ta yi, sai ya danna wayarsa ta faɗa masa.

Jiya da safe ina shara na ga wani faɗa-wuta a bangon baranda, ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya kwana a nan. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ka san na san littattafan nan kamar tafin hannuna, babu shi a ciki. Faɗinsa ya kai yatsu biyar. Kore ne mai duhu da kore mai haske a cakuɗe kamar yadin sojoji, da wani siririn layi ruwan hoda ya ratsa kowane fiffike, jikinsa kamar an yi da karammiski. Na manta da komai, na yar da tsintsiya na ruga na kamo hannun Baba. Na faɗa masa launi bayan launi, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ya kawo yatsa in ɗora masa a hankali. Na ga fuskarsa ta motsa, Yaya, wallahi na gani, har ya ɗan matso. Sai ya zare hannunsa, ya ɗaga murya ya kira Maman 'Yan Biyu ta kan katanga, ya ce don Allah ta zo ta duba masa wani abu a bango.

Ta shigo da kumfar wanki a hannu, ta leƙa ta ce, "Wani ƙwaro ne, Baba, ƙato." Kafin in yi magana ta ɗauki tsintsiyar da na yar ta make shi, ta share shi zuwa kwata. Baba ya ce mata ya gode, Allah ya yi albarka. Ya lallaba ya koma kujerarsa.

Ka zo ranar Asabar da wuri, ba ya son tafiya cikin rana. Zan haɗa kayansa in bar makulli wajen Maman 'Yan Biyu. Ni ina shago, ina da ɗinki da yawa, kuma ba zan iya tsayawa in ga ya dafa kafaɗarka ya fita ba. In ya tambaye ka ina nake, ka gaya masa gaskiya. Kai zai yarda.

Ka gaishe da Anti da yara. Allah ya kawo ka lafiya, ya kai ku lafiya.

Ƙanwarka,
Auta